Rufin Gida a Mancista, Ƙarshen Hunturu

Muddin kana zaman haya a Ingila, ba ruwanka da abin da ke saman kanka. Silin ya yi tabo, ka kira mai gida, shi ya san inda zai samo kuɗin gyara. Ranar da muka karɓi makullin namu gidan a Moston, arewacin Mancista, wannan gatan ya ƙare. Gidan yana cikin jerin gidajen jan bulo ne, manne da juna, irin waɗanda aka gina wa ma'aikata tun lokacin da masaƙun auduga ke riƙe da garin. Bangonka na maƙwabcinka ne, bututun hayaƙin da ke saman rufi ku biyu kuka haɗa, indararo ma a haɗe yake da na gidajen da ke gefenka.

A Zariya lissafin a fili yake. Akwai rani mai tsawo, kafin ruwan farko a yi wa soro yaɓe, a share indararo, mai rufin kwano ya sa kafinta ya bi ƙusoshi. A nan babu ranin da za ka jira. Iskar yamma ce ke koro ruwa daga Tekun Atalantika, ga tsaunukan Pennines sun tare gabas, sai ya yi ta sauka a kanmu. Yawancinsa yayyafi ne mai naci, daga Oktoba har Maris da wuya rufi ya bushe sarai.

Wani dattijo ɗan Katsina da ya daɗe a garin ne ya tare ni bayan sallar Juma'a, da ya ji mun sayi gida. Ya yi min barka, sannan ya ce, "Ɗana, in Fabrairu ya zo ƙarshe, ka tsallaka titi ka kalli rufinka. Kada ka hau. Ka tsaya a ƙasa ka kalla."

Na ce, "To Baba, me zan gani daga ƙasa?"

Ya ce, "Layin da ya karkace."

Gaskiyarsa. Rufin waɗannan gidaje fale-falen dutse ne masu launin toka, sirara, an jera su ɗaya kan ɗaya. Galibinsu daga arewacin Wels aka haƙo su, daga wurare irin Penrhyn da Dinorwig, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2021. Dutsen kansa yakan haura shekara 100 bai gaji ba. Ƙusoshin da suka riƙe shi ne ke fara mutuwa. Tsatsa ta cinye kan ƙusa, falen ya zame ƙasa da ɗan yatsa biyu, ya bar kafa. Daga tsallaken titi, da kyamarar waya, na hango guda biyu da suka sauka daga sahu kusa da bututun hayaƙi, da wani da kusurwarsa ta ɓalle.

Dalilin da ya sa ake jiran ƙarshen hunturu shi ne a lokacin ne ɓarnar ta gama fitowa. Ruwa ya shiga tsagar simintin da ke riƙe da ƙoƙuwar rufi, dare ya yi ya daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin 100, sai tsagar ta ƙara buɗewa. Ga kuma guguwa. Tun 2015 hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ke raɗa musu suna, kuma a mako guda na Fabrairun 2022 uku suka zo a jere, Dudley da Eunice da Franklin. A lokacin Eunice aka auna iska mai gudun mil 122 a awa a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Wanda ya gyara rufi a Disamba yana iya sake biya a Maris.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana ciki ne, ba waje ba. Akwai ƙofa ƙarama a silin ɗin bene, ka sa tsani ka leƙa sararin da ke ƙarƙashin rufi. Mai gyaran da na kira ya ce in kashe tocila. Cikin duhun nan sai ga ɗigo-ɗigon hasken rana ta tsakanin duwatsun, don tsofaffin rufin ba su da shimfiɗar da ake sa wa na zamani a ƙasa. Ya kama hannuna ya ɗora a kan katakon da ke jikin bututun hayaƙi: sanyi, da laima, ga baƙin tabo ya gangaro. Dalmar da aka naɗe gindin bututun da ita ce ta tsage. A ɗaya ɓangaren kuma laimar ba daga sama take ba, tururin girkinmu ne da na wanka da kayan da muke shanyawa a ɗaki ke hawa ya koma ruwa a jikin dutse mai sanyi. Mu da tukunyar miya ba ta sauka daga kan wuta, wannan ya shafe mu fiye da maƙwabtanmu. Yanzu uwargida ba ta ɗora tukunya sai ta kunna fankar da ke zuƙe tururi, ko da kuwa tana mitar ƙararta.

Indararo aikin ƙazanta ne, ba na fasaha ba. Ganyen da ya zuba a Nuwamba ya ruɓe ya haɗu da gansakukar da ke gangarowa daga rufi, ya zama baƙin taɓo, har ciyawa ke tsirowa a ciki. In ya toshe, ruwa ya bi bango, sai ka ga fenti na kumbura a ɗakin yara. Kuma ana so a gama kafin tsuntsaye su fara sheƙa a Maris, don dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita. In jemagu ne suka tare a rufinka, magana ta ƙara tsawo, su ma doka na kare su.

Kada wanda ya zo sabo ya dogara da inshora. Suna biyan ɓarnar guguwa, amma ba sa biyan abin da tsufa da sakaci suka jawo, kuma tsatsar ƙusa a wurinsu tsufa ce. Haka nan masu ƙwanƙwasa ƙofa su ce suna wucewa ne suka hango rufinka zai faɗo, a ba su kuɗi hannu su gyara yau. Wanda ya zo mana na sallame shi daga bakin ƙofa. Na kuma ƙi tayin wanke rufin da injin feshin ruwa mai ƙarfi, don tsohon dutse ba ya son wannan.

Gyaran dalmar sai da aka kafa turakun ƙarfe aka hau, kuɗin kafa su kaɗai ya kusa kamo na aikin. Da yake bututun na mu biyu ne, na shiga wurin maƙwabciyata, wata tsohuwa Baturiya, muka sha shayi muka raba kuɗin biyu. Mai gyaran ya faɗa min ba ɓoye-ɓoye cewa sauran ƙusoshin ma sa'o'in waɗanda suka mutu ne, nan da 'yan shekaru sai an kwashe rufin duka an sake jerawa. Shi ya sa a adashin da muke yi da 'yan uwa na roƙi a mayar da kwasata Janairu.