Ranar da muka auna kicin

Asabar, Agege.

Yau kafinta ya zo muka auna kicin ɗin sabon gidan da muka kama haya. Tsawonsa mita 2 da rabi, faɗinsa bai kai mita 2 ba, taga ɗaya tak. Maigidana ya nuna masa wani hoto a waya, kabad tun daga ƙasa har rufi, fari fes. Na ce, "Maigida, ya yi kyau, amma a ina zan tuƙa tuwo?"

A nan muka fi daɗewa. Kafinta ya ce santimita 90 ake yi wa tsayin teburin girki, kuma gaskiyarsa, don ya dace da yankan albasa da wanke-wanke. Amma idan murhu ya hau kai, babbar tukunya ta hau murhu, bakinta yana kaiwa ƙirjina. Muciya kuwa sai an danno ta daga sama, in ba haka ba kafaɗa ce za ta ji jiki. Na ce, "Malam, don Allah ka sauke mini gurbin murhun." Ya yarda zai rage shi zuwa santimita 65, kusa da taga saboda hayaƙin suya.

Tukunyar gas mai kilo 12.5 ya so ya rufe ta cikin kabad. Na ƙi. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. Gurbinta ba za a sa masa ƙofa ba.

Sai katako. Wanda ake matsewa da garin katako ya fi araha, amma laimar Legas ba irin ta Kano ba ce, ruwa kaɗan zai sha ya kumbura. Mun zaɓi falanki mai jure ruwa, da ƙafafu dogaye yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi, kada kyankyasai su samu maɓoya. Buhun shinkafa ma ba zai taɓa siminti ba. Albasar da nake sayowa a kasuwar Mile 12 a kwando zan rataye ta, ta sha iska.

Firji bai samu wuri ba, zai tsaya a falo dab da ƙofar kicin. Turmi kuma bayan ƙofa.

Da yake gidan haya ne, na ce a yi komai guntu-guntu yadda zai kwance ranar tashi. Saura izinin wanda ya ba mu hayar kan huda bango, maigidana zai same shi gobe bayan la'asar.