Sa hannun da na yi a mararraba

Injin farko da na yi odarsa daga nesa zarto ne na tebur, irin mai fuskar ƙarfen zubi, nauyinsa ya haura kilo 200. Na daɗe ina tara kuɗinsa. Ranar da zai iso, direba ya kira ni ya ce motarsa ba ta sauka daga kwalta, in zo in same shi a mararraba. Na nemi ƙaramar motar kaya da majiya ƙarfi huɗu muka tafi. Akwatin na tsaye a kan dandamalinsa na katako, ɗaure da ɗamara, kwalin bai yage ba, sai ɗan lotsawa a kusurwa ɗaya ta ƙasa da ban ɗauke ta bakin komai ba. Direba sai duba agogo yake, wai akwai sauran wurare biyar a gabansa. Ya miƙo takarda, na sa hannu, ko layin da ke saman sunana ban karanta ba. Ashe cewa yake na karɓi kaya lafiya lau.

Kwana goma sha ɗaya injin ya yi a rufe. Simintin da na zuba masa bai gama bushewa ba, mai haɗa wuta kuma bai zo ba, na ga gara ya zauna a akwatinsa kada ƙura ta shige shi. Da muka buɗe, komai na sheƙi. Sai da na zo karkata zarton, hannun juyawa ya cije. Na kwanta da tocila na leƙa ƙasan tebur, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta ratsa ƙarfen da ke riƙe da moto da sandar zarto.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne halin ƙarfen zubi. Ana yin fuskar injuna da shi saboda nauyinsa da yadda yake shanye girgiza, amma ba ya lanƙwasa. Falle-fallen ƙarfe in ya bugu lotsawa yake, kowa ya gani. Na zubi kuwa tsagewa yake, sau da yawa a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Moto mai nauyi a rataye yake a jikinsa, don haka in akwati ya suɓuce ya faɗi ko da tazarar taku ɗaya ce, nauyin moton ne zai fizge abin da ke riƙe da shi. Lotsawar nan da na raina ita ce kaɗai shaidar da faɗuwar ta bari a waje.

Na kira mai sayarwa, ya ce lafiya ya bar hannunsa, in nemi kamfanin sufuri. Kamfanin sufuri suka turo mini hoton takarda da sa hannuna. Suka kuma yi tambayar da ta kashe mini baki: daga mararraba zuwa shago, a motar wa aka ɗauko shi? A tawa. To ta ina zan tabbatar ba a ramukan hanyata ya tsage ba? Ni kaina ba zan iya rantsewa ba.

Nan ne bambancin mai karɓar kaya a birni da mai karɓa a karkara. Wancan a ƙofarsa ake saukewa, wuta na nan, cikin awa ɗaya ya kunna ya gwada. Mu kuwa kayan sai sun bi ma'ajiya bayan ma'ajiya kafin su kusanto mu, kowace ma'ajiya saukewa ce da sake lodi, da motar ɗaga kaya mai yatsu biyu da kan huda kwali, da wani lodin da za a ɗora a kai. Zangon ƙarshe kuma, wanda ya fi kowanne muni, galibi babu takardar da ta rufe shi.

Haushi ya sa na zauna na karanta ƙa'idojin da a da nake tsallakewa. Yarjejeniyar CMR, wadda aka sa wa hannu a Janeba a 1956 kan jigilar kaya ta mota tsakanin ƙasashe, ta ce ɓarnar da ake gani a lokacin karɓa ake faɗinta, wadda ba a gani kuma a rubuta cikin kwana bakwai, ban da Lahadi da ranakun hutu. A Amurka yawancin kamfanonin manyan motoci kwana biyar na aiki suke bayarwa ga ɓoyayyiyar ɓarna. Ko da wace ƙa'ida aka auna ni, kwana goma sha ɗayan nan sun riga sun cinye ni. Wani abin da ya fi ba ni mamaki, ko an yarda laifin mai sufuri ne, iyakar diyyar da kilo ake lissafa ta, ba da darajar kaya ba. A ƙarƙashin CMR iyakar ita ce 8.33 na SDR, wato kuɗin lissafi na Asusun Lamuni na Duniya, kan kowane kilo. Ga babban inji, wataƙila da sauƙi. Ga ƙaramin injin hannu mai tsada da bai wuce kilo huɗu ba, abin da za a ba ka bai taka kara ya karya ba. Tun daga nan nake sayen inshorar da ta rufe cikakkiyar darajar kaya, ina kuma tambaya a rubuce: a ina haɗari ke barin wuyan mai sayarwa ya dawo nawa? Masu ciniki tsakanin ƙasashe na da gajerun sunaye na wannan a ƙa'idojin Incoterms na 2020. EXW na nufin tun daga ƙofar masana'anta kai ne da asara, DAP kuma sai kaya sun iso wurin da aka ambata. Wurin da aka ambata ɗin nan a kula da shi: in an rubuta garin da ke kusa, ba a rubuta ƙofar shago ba.

Kowane inji da inda yake da rauni. Zarton bel mai tsayi, wanda zartonsa ke zagaye tayoyi biyu kamar bel, kansa ya fi gindinsa nauyi, kifewa yake so. Injin daidaita gefen katako tebura biyu dogaye gare shi, leburori kuma sun fi son kama su nan don ɗagawa, su karkace su daina zama a layi ɗaya. Kwamfireso mai mai in an kwantar da shi, man ya bi inda bai kamata ba. Haƙoran zarto na kabayid, wani irin ƙarfe da ake liƙawa a bakin haƙori, suna da tauri amma suna ɓarewa, kuma haƙorin da ya tsage a zarton da ke juyi kusan sau 4,000 a minti ɗaya harsashi ne, shi ya sa nake bin su ɗaya-ɗaya da ido kafin in ɗaura.

Hanyar burji tana da nata aikin daban. Ba sai akwati ya faɗi ba. Ƙananan tudun nan masu jere kamar haƙarƙari suna kaɗa kaya ba tsayawa, noti ya kwance a hankali, fuli, wato gargaren da bel ke juyawa, ya zame a kan sandarsa, saitin da aka yi a masana'anta ya gushe. Na taɓa tsintar noti biyu a gindin akwati, na shafe rabin yini ina neman inda suka fito. Yanzu in zan ɗauko inji da kaina, moto nake fara tokarewa da katako ko kumfa, in sauke zarto ƙasa gaba ɗaya, in cire shingen jagora da fikafikan tebur in naɗe su daban. Akwatin a gaba nake sa shi, kusa da kan mota, don bayan tayoyin baya ya fi tsalle. Ɗamara huɗu, ba igiya ba, tafiya kuma ta hawainiya.

Danshi ma ɓarawo ne. Akwatin da ya kwana a sanyi ya wuni a rana yana yin gumi daga ciki, kuma duk inda giris ɗin da aka shafa wa fuskar tebur ya goge, tsatsa na kamawa cikin 'yan kwanaki. Wannan dai ana gogewa. Baturan lithiyam su ne ba na wasa da su: a dokar sufuri kayan haɗari ne, aji na 9, kuma wanda ya lotse ko ya kumbura ba na sa shi a caji, waje nake ajiye shi nesa da dusar katako.

Direbobi ba mugaye ba ne, lokaci aka ƙayyade musu. Amma na daina jin kunyar tsayar da su. Tun kafin a sauke nake ɗaukar hoton akwati ta kowane gefe yana kan mota. In mai sayarwa ya manna alamun nan na ShockWatch ko TiltWatch, waɗanda ke komawa ja in kaya sun bugu ko sun kife, su nake fara dubawa. Ina buɗewa a gabansa in ya yarda. In bai yarda ba, ina rubuta abin da na gani dalla-dalla kafin sa hannu, domin rubuta "sai na duba" kawai ba ya tsinana komai. Kuma ba na yin oda sai wuri da wuta sun kammala, don in kunna a ranar. Ina ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan tebur in ga ko haske na wucewa ta ƙasa, in auna ko zarto ya yi daidai da kwarin jagora da ke fuskar tebur gaba da baya, in juya sanda da hannu in saurari boris. Kwali da dandamali kuma ba na yar da su sai inji ya yi sati biyu yana aiki, saboda mai binciken ɓarna zai nemi ganinsu, mayar da inji ba akwatinsa kuma wata asarar ce.

Zarton nan na farko, mai walda ya gwada ɗinke tsagar, ta sake buɗewa a gefen ɗinkin kamar yadda ƙarfen zubi ya saba in ba a gasa shi sosai kafin walda ba. Dole na yi odar sabon ƙarfen da kuɗina, na jira shi sati shida, ayyukan mutane na jibge. Shi ma a mararrabar aka miƙo mini shi, direban ma shi ne. Na zauna a gefen titi na yanke kwalin, na warware takardar da aka naɗe shi da ita, na haska tocila lungu-lungu, na ƙwanƙwasa shi da sifana na ji ƙararsa ta fita tangaran, sannan na ce ya kawo biro.