Yadda ake gwada sabon maganin nimoniya a huhun ɓera

Maganin da ya kashe ƙwayar cuta a ɗakin gwaji ba lallai ne ya yi aiki a huhu ba. Maganin kashe ƙwayar cuta mai suna daptomycin yana da ƙarfi a jini, amma maiƙon da ke shafe da cikin huhu yana dakushe shi, shi ya sa ba a ba mai nimoniya. Don haka duk sabon maganin da ake so ya tunkari ƙwayoyin da ba sa jin magani, irin su Klebsiella pneumoniae da Acinetobacter baumannii, sai an fara gwada shi a huhun ɓera.

Da farko a karya garkuwar jikin ɓeran, don kada ta yi aikin a yaba wa maganin. Ana yi masa allurar cyclophosphamide, maganin da ke raunana garkuwar jiki, miligiram 150 a kowane kilo na nauyinsa kwana 4 kafin gwaji, sai miligiram 100 ana gobe za a fara. A ranar, a sa shi barci, a riƙe shi a tsaye, a ɗiga masa ruwan ƙwayoyin a hanci, kimanin mikirolita 50, wato kamar ɗigo guda. Nan ne aka fi yin kuskure. Idan barcin bai yi nauyi ba, ɓeran zai haɗiye ruwan ko ya fyato shi, huhu ya samu kaɗan, daga baya a zaci maganin ne ya yi abin kirki.

Bayan awa 2 a fara ba da magani. A daidai lokacin sai a kashe wasu ɓerayen a ƙirga ƙwayoyin huhunsu, don a san inda aka tashi. Bayan awa 24 a cire huhun sauran, a markaɗa, a shuka a faranti don ƙwayoyin su tsiro, a ƙirga su. Abin nema shi ne adadin ya ragu aƙalla sau goma daga inda aka tashi. Idan kuma ƙwayoyin ba su hayayyafa ba a ɓerayen da ba a ba magani ba, gwajin ya ɓaci, a sake.

Babbar matsalar ita ce jikin ɓera yana fitar da magani da sauri fiye da na mutum. Dole a rarraba allurar maganin sau da yawa a rana, a kuma wanke huhun da ruwan gishiri a auna yawan maganin da ya isa can, domin awon jini kaɗai yana ruɗi. Maganin zosurabalpin, wanda kamfanin Roche ya bayyana a 2024 don yaƙar Acinetobacter, ya bi ta gwajin huhun ɓera.