Agogon Taylor da lissafin lebura

Duk wanda ya karanci harkar gudanar da ma'aikata, da sunan Frederick Taylor ake fara masa. Injiniya ne ɗan Amurka, wanda a 1911 ya fitar da littafinsa kan tsara aiki bisa ma'aunin kimiyya. Yakan tsaya a kan ma'aikaci da agogo a hannu, ya auna kowane sunkuyo da kowace ɗagowa, sannan ya yanke yadda za a yi aikin. A kamfanin ƙarfe na Bethlehem, ya ce ya sa mai lodin ƙarfe a tarago ya tashi daga tan 12 da rabi a wuni zuwa tan 47.

Mu ɗalibai wannan adadin muka haddace don jarrabawa. Ni kuwa wani adadin ne ya tsaya mini a rai: ladan leburan na wuni daga dala 1.15 ya koma dala 1.85. Aiki ya kusa ninkawa huɗu, kuɗi ko ninki biyu bai yi ba. Taylor yana ganin ma'aikata da gangan suke jan ƙafa, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai maganinsa agogo ne.

Binciken masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Chicago, shi ya ƙara buɗe mini ido. An yi shi daga 1924 zuwa 1932. An fi ba da labarin gwajin hasken fitila, inda aka riƙa sauya hasken wurin aiki don a ga ko yawan aiki zai sauya, amma ni ɗakin masu haɗa wayoyi ya fi kama ni. Maza 14 ne, ana biyansu gwargwadon abin da suka yi, amma sai suka tsayar wa kansu iyakar aikin wuni. Wanda ya zarce, sai a yi masa ba'a, wani lokaci har da naushi a dantse. Tsoronsu shi ne in suka nuna iyakar ƙarfinsu, a ƙara musu aiki, a rage farashinsa, ko a sallami wasu daga cikinsu. Lokacin kuwa tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aiki ya yi wuya.

Ba lalaci ba ne wannan, lissafi ne na mai iyali. Shi ya sa yanzu a wurin aikina, in na ga hannu ya yi sanyi, kafin in yi faɗa nakan ja ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikata gefe, in tambaye shi me ya biyo baya ranar da suka taɓa gama aiki da wuri.