Tsohuwar da ta kira ni kaza

Na sauka a birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan a ƙarshen watan Oktoba, ana saura kwana uku a mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi a ƙasar duk shekara idan hunturu ya gabato, kuma da wannan awar na fara auna nisana da gida, domin duk lokacin da na ɗauki waya zan kira Inna sai in tuna cewa a wurinsu dare ya riga ya yi gaba. Kafin in taho, duk wanda na je yi wa sallama gargaɗi ɗaya yake yi mini, wai mutanen nan ba sa gaisuwa, ba sa kula baƙo, idan ma sun kula shi to da raini a ciki. Na riƙe wannan magana da hannu biyu, shi ya sa kullum nake shiga motar bas fuska a ɗaure, ido a ƙasa.

Abin ya faru ne a cikin Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ba ta kuma fitowa sai wajen ƙarfe 9 saura kwata na safe. Na tashi daga aikin dare, ruwa ya yi mini duka a tasha, na shiga bas ɗin na tarar ya cika, na tsaya na kama ƙarfe barci yana fizgata. Sai wata tsohuwa ta ɗauke jakarta daga kujerar da ke kusa da ita, ta ɗora a cinya, ta bubbuga kujerar da tafin hannu tana kallona, ta faɗi wata magana. Turancin mutanen garin nan ba irin wanda muka koya a makaranta ba ne, sauri gare shi, ana haɗiye rabin kalma, don haka ban tsinci komai ba sai kalmar ƙarshe, "hen", wato kaza.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce a zuciyata ga abin da aka gaya mini nan ya zo, na dube ta sama da ƙasa, na juya mata baya. Ta cikin gilashin taga na ga hannunta bai bar kan kujerar ba, hannu mai kumburarrun gaɓoɓi da zobe siriri da ya nutse cikin yatsa, ya daɗe a wurin kafin ta janye shi a hankali. Da na isa ɗaki na aika wa yayata saƙon murya ina kuka ina kuma alfahari, na ce mata yau an gwada ni amma ban bari an taka ni ba.

Bayan kwana uku wata abokiyar aikina ta riƙe mini ƙofa, ta kira ni da wannan kalmar tana murmushi. Na daure na tambaye ta, ta ce haka matan garin suke kiran mace idan suna son su nuna mata ƙauna, musamman babba ga ƙarama, kamar dai a ce "'yata". Ban iya ba ta labarin bas ba. Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da ita, kuma har yau idan na tuna hannun nan a kan kujera sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Daga ranar na fara ɗaga kai. Na lura cewa kusan duk mai sauka daga bas sai ya yi wa direba godiya, har 'yan makaranta, kuma da wuya a tsaya jiran mota minti biyar wani bai yi maka zancen ruwan sama ba. Wasu 'yan uwanmu suna cewa wannan hira ce marar ma'ana, ni ban yarda ba, domin mai ce maka ina kwana ma ba labarin barcinka yake nema ba, so yake ka san ya gan ka. Ba na cewa kowa mutumin kirki ne, an taɓa jifana da baƙar magana a kan titi, kuma ta yi mini zafi. Amma a makonnin da nake wuni ban ji an ambaci sunana ba, waɗannan 'yan kalmomi na mutanen da ban sani ba su ne suka riƙe ni.

Na yi ta neman tsohuwar. A ƙasar nan wanda ya kai shekara 60 yana shiga bas kyauta da katinsa, saboda haka tsofaffi ba sa yankewa a cikin mota, ni kuwa kowace fuska sai na duba. Sai a ƙarshen Janairu na gan ta, jakar nan a cinyarta. Na zauna kusa da ita gabana yana faɗuwa, na ba ta haƙuri, amma ta ce sam ba ta tuna ba. Ta kama hira kamar mun saba. Mijinta ya yi aiki a wurin ƙera jiragen ruwa a Govan, a bakin kogin Clyde, ya rasu ya bar ta ita kaɗai a gida, kuma tana shiga gari ne yawanci don ta ji muryar mutane. Ta tambaye ni ko mahaifiyata tana raye, na nuna mata hoton Inna a waya, ta kawo shi dab da idonta ta daɗe tana kallo, ta ce goshinmu ɗaya. Ta sauka kafin mu kai tashar Buchanan, ban tambayi sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba.

Da daddare na ba Inna labarin tun daga farko. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, tsohuwa ta yi miki wurin zama kika juya mata baya?" Ban sami abin cewa ba. Inna ba ta iya zama kusa da mutum a layin asibiti a tashi ba ta san yawan 'ya'yansa da abin da ke damunsa ba, kuma muna yara wannan hali nata yana ba mu kunya, mu riƙa jan mayafinta mu tafi. Yanzu ƙafa ta fara ba ta wahala, ƙanena ne yake kai ta ganin likita idan ya sami sarari, idan bai samu ba ita kaɗai take fita, ni kuwa ina nan ina tunanin wa zai ɗauke mata jaka daga kujera. Shekara biyu ke nan, kuma da wuya mu gama waya ba ta tambaye ni tsohuwar bas ba. Nakan ce ban gan ta ba, Inna, ita kuma ta ce in ci gaba da dubawa, idan Allah ya haɗa mu in ce tana gaishe ta.