Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da aka tashi Zangon Lome

Assalamu alaikum. Na san na yi alkawarin wannan makon zan kawo labarin aurena da uwar yara, to ku yi mini afuwa. Ranar Talata na shiga gari karɓar saƙon da autana ya turo daga Kwatano, sai ɗan acaɓar da ya ɗauko ni ya ce, "Baba, ina za ka sauka?" Na ce tsohon Zango. Ya ce, "Wajen bankuna ke nan?" Yaro ne da bai wuce shekara 25 ba. Ya san sunan wurin, bai san dalilin sunan ba. Da ya tafi na tsaya a bakin titi ina neman inda ƙofar gidanmu take, mai gadin wani bene ya fara yi mini kallon ɓarawo. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, shi ya sa labarin aure zai jira.

A wurin nan aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakansa yana cikin fataken goro da suka watse daga Salaga, a ƙasar Gana ta yau, bayan yaƙin basasar 1892, suka zauna Kete-Krachi, daga baya wasu suka gangaro bakin teku lokacin da Jamusawa suka mayar da Lome babban birni a 1897. Wato kafin a haifi yawancin waɗanda suka zo suka shafa jan fenti a bangonmu, muna nan. Amma duk da haka Kaka ba ta da magana sai "baƙo raɓa ne." Ba ta taɓa yarda an yi wa ɗakinta daɓen siminti ba. Kwallayenta na aure kullum a ɗaure suke cikin tsohon zane a ƙarƙashin gado, kamar mai jiran mota. Muna yara muna yi mata dariya, mu da muke jin yaren Mina kamar 'ya'yan gari, muke ƙwallo a rairayin bakin ruwa da 'ya'yansu.

A 1977 shekarata 12. Lokacin Eyadéma ya shekara 10 a kan mulkin Togo, kuɗin ma'adinin fosfat ya shigo, kowa a sama yana so Lome ta yi kama da biranen Turai. Ana ta tarukan ƙasa da ƙasa, ga yarjejeniyar nan ta 1975 da aka sa wa sunan garin. Mu 'yan makaranta kuwa ana kwasarmu animasiyo, a ɗinka mana riga iri ɗaya, mu yi ta rawa da waƙar yabon shugaba a cikin rana har wani ya faɗi. Ni ma na yi, kuma ba zan ɓoye ba, na iya. Zangonmu yana tsakiyar gari, gidajen kwano da langa-langa, ga awaki, ga mahauta, ga hayaƙin masu tuya. An ce mun ɓata fuskar birni. Maganar tashi ta daɗe tana yawo har manya suka daina ɗaukarta da gaske, sai ga katafila.

Abin da na fi tunawa ƙusoshi ne. Baba ya hau rufin ɗaki yana ɓalle kwano ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni gwangwanin madara ya ce kada ƙusa ko ɗaya ta ɓace. Ina tsincewa a cikin rairayi, ina miƙe lanƙwasassun da dutse, har na fasa babban yatsana. Mata na ta salati, wani tsohon ladani ya zauna a kan turmi ya ƙi motsi sai da 'ya'yansa suka ɗauke shi. Kaka kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Ta jawo ƙullinta daga ƙarƙashin gado, ta ɗora a ka, ta dube mu ta ce, "Ban faɗa muku ba? Rana ta fito."

Aka kai mu Togblékopé, kusan kilomita 15 arewa da gari, a bakin hanyar da ta tafi Atakpamé. Daji ne, sai ciyawa da sauron kogin Zio. Inna da take sayar da koko da ƙosai kusa da babbar kasuwar Asigamé tun asuba, yanzu kuɗin mota ya fi ribarta. Ta bar sana'ar da ta yi shekara 20 tana yi. Da yawa ma ba su biyo mu ba, suka kama hayar ɗakuna a unguwannin cikin gari, zumunci ya watse daga nan.

To ga inda maganar Baffa ta shigo. 'Ya'yansa suna karanta wannan rubutun, na sani, kuma ba zan canza ko harafi ba. Ranar da aka zo rubuta sunayen masu gidaje domin rabon filaye, Baba yana hanyar Kumasi wajen goro. Baffa shi ne mai Faransanci a gidan, shi ya je. Ya dawo ya ce an gama, an rubuta gidanmu. Baba bai tambayi takarda ba, wa zai tambayi ƙaninsa takarda? Filin ma a lokacin ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Wa ya san gari zai biyo mu? Yau Agoè, yankin da unguwarmu take, ta haɗe da Lome, manyan motocin da suke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina da Nijar da Mali a nan kusa da mu suke yada zango, kowane taku na ƙasa kuɗi ne. Shaguna 6 Baffa ya fitar a gaban filin nan. Baba ya rasu a ɗakin baya.

Otal ɗin 2 Février da aka buɗe a 1980, dogon benen nan da ake hangowa daga ko'ina, Kaka ta gan shi sau ɗaya ta tagar mota. Ta ce Allah ya sa masu shi su daɗe a ciki. Ba ta sake shiga gari ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Maganarta ta dawo mini a 1993. Tun Oktoban 1990 garin bai zauna ba: zanga-zanga, gawarwakin da aka tsamo daga tafkin Bè a 1991, babban taron ƙasa, sannan yajin aikin da aka fara a Nuwamban 1992 ya ƙi ƙarewa wata da watanni. Motocin haya suka tsaya, a nan acaɓa ta samu gindin zama a Lome, ni ma da ita na ci abinci a lokacin. Bayan harbin masu zanga-zanga a dandalin Fréau Jardin ranar 25 ga Janairu, mutane suka yi ta tsallakawa Gana da Benin, dubbai a kan dubbai. Na yi kwanaki ina jigila zuwa iyakar Aflao. Wata dattijuwa 'yar unguwar Bè, mai gidan kanta da na iyayenta, ta hau bayana da katifa a ka da tukunya a cinya, tana kuka tana cewa ba ta san kowa a can ba. Na ce a raina, ashe raɓar ba mu kaɗai ba ce. Da na faɗa wa Baffa da daddare, sai cewa ya yi ai tashinmu alheri ne, da muna tsakiyar gari da harsashi ya same mu. Shi kam alheri ne.

Takardar ban gan ta da idona ba sai 2008, shekarar ambaliyar da ta karya gadar Amakpapé ta cinye unguwarmu. Ruwa ya kai gwiwa a ɗakin Baffa, shi kuma ƙafa ta riga ta ƙi. 'Ya'yansa masu baki a yau babu ko ɗaya a kusa. Ni na goya shi zuwa masallaci, na koma na ɗauko akwatinsa na ƙarfe. Da rana ta fito ya ce, "Ɗana, shanya mini takardun nan." Ina shimfiɗa su a kan tabarma sai ga ta, ta yi ja, tambarin ya jiƙe. Sunansa a sama, mai gida. Sunan Baba, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, yana ƙasa a cikin jerin waɗanda yake ciyarwa, tsakanin matarsa ta biyu da wani almajiri.

Ruwa yana gudu a kwata, taku biyu daga inda nake tsugune. Baffa yana kallona, ni ma ina kallonsa. Na ɗauki dutse na danne ta don kada iska ta ɗauke.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, labarin aure. Shi ma Baffan ne ya karɓa mini, kuma sai kun ji abin da ya yi da kuɗin goron.