Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Akwatin da Ba Ya Jin Hausa

A makon jiya na tsaya ne a inda mahaifina ya sayar da albasar da ya noma a bakin kogi, muka samu kuɗin shiga makarantar mutawassiɗa, wato ta gaba da firamare, a garin Sennar da ke ƙasar Sudan. Kafin in shiga labarin makarantar, ya kamata in faɗi yadda talabijin ya shigo ƙauyenmu, wanda ke kusa da Maiwurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Akwatin farko na wani maƙwabcinmu ne mai fataucin riɗi zuwa Wad Madani. Hotonsa baƙi da fari ne, da batirin mota yake aiki, eriyarsa kuwa a kan doguwar gora aka ɗaure ta, kuma duk lokacin da iska ta kaɗa sai an tura yaro ya je ya juya gorar, ana yi masa ihu daga tsakar gida har hoton ya daidaita. Bayan sallar magariba, da zarar an sha shayi da madara, sai a fito da akwatin a ɗora kan tebur, manya su hau angarib, wato gadon katako da aka saƙa da igiya, mu yara mu baje a ƙasa. Abin da kowa ke jira shi ne wasan kwaikwayon Masar da ake kira musalsal, wanda tashar Omdurman ke nunawa kullum da dare. Idan batirin ya fara rauni, hoton yakan riƙa tsukewa kaɗan-kaɗan, har mutanen ciki su koma kamar ƙudaje.

Daga wannan akwati muka kwashi Larabcin Alƙahira, a kan na Sudan da muke yi a kasuwa da na littafi da muke yi a aji. Kakata, wadda muke kira Habboba ko da yake ta fi son a ce mata Iya, ba ta taɓa zama kallo ba. Cewa take yi akwatin da ba ya jin Hausa ba shi da abin da zai gaya mata. Rediyonta ya ishe ta, inda take kama Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye tun 1957. Ko a Rediyon Omdurman, murya ɗaya kawai take tsayawa ta saurara, wato ta mawaƙiya A'isha al-Falatiya, domin a cewarta ai 'yar gida ce.

A shekarata ta biyu a mutawassiɗa wani baƙo daga Zariya ya sauka a zaurenmu a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya yi wata uku yana ɗinkin hula don ya ƙara guzuri. Da zai wuce Bur Sudan sai ya bar mini wani littafi wanda bangonsa ya yage, Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Har zuwa ranar ban san ana rubuta Hausa da haruffan Turawa ba, domin Hausar da na taɓa gani a takarda ita ce ta ajami, a waƙoƙin wa'azin da ke cikin gafakar kakana. Haruffan Ingilishi kuwa shekara ɗaya ke nan da fara koya mana su, kuma babu malamin da ya taɓa nuna mana ƙ da ɗ da ɓ. Na ɗauka tawada ce ta zube wa masu ɗab'i.

Habboba ce ta koya mini karatun boko, alhali ita ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ina zaune a gindin angarib ɗinta da fitilar ƙwai, ina haɗa baƙi da wasali kamar mai tsallake ƙaya, ita kuma tana gyara mini da kunne. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, saboda haka sai in karanta gari na tuwo a inda ake nufin gari na sarki.

"Kai ɗan nan, sarki ya shiga gari ka ce? To, a ƙwarya ko a turmi?" in ji ta, tana dariya har da hawaye.

"Iya, haka aka rubuta."

"Wanda ya rubuta Bahaushe ne, ba zai faɗi haka ba. Sake."

Kalmomi da yawa a bakinta na fara jin ma'anarsu, irin su waziri da dogari da zagi, domin mu a wajenmu hukuma da Larabci take magana. A waɗannan darare ne na daina zuwa kallon musalsal, abokaina suna yi mini ba'a wai na zama tsoho.

Akwatin bai yi Hausa ba sai wajen 1999, lokacin da kawuna ya dawo daga aiki a Jidda da na'urar bidiyo da kaset uku na finafinan Kano. A lokacin Habboba ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi hazo, amma ta sa aka kawo ta gaba-gaba. Gidan ya cika har kan katanga. Mu samari hankalinmu na kan titunan Kano da babura da manyan riguna, ƙasar da muke jin sunanta tun muna goye ba mu taɓa ganinta ba. Ni dai a ganina labarin bai kai na Masarawa tsari ba, kuma waƙoƙin sun yi yawa, amma babu wanda ya motsa.

Da aka gama na tambaye ta yadda ta ji. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce yaran suna da ladabi wajen gaisuwa, sai dai sun cika cusa Turanci a magana, kamar yadda mu muke cusa Larabci. Daga nan ta ce wa kawuna ya mayar da kaset ɗin baya zuwa inda wata tsohuwa ke yi wa jikarta faɗa a bakin murhu, domin muryar ta yi kama da ta innarta.

Sau huɗu aka mayar mata a daren.